TARIHI: Abebe Bikila, dogarin Sarkin Habasha da ya ci gudun famfalaki a Rum ƙafa ba takalmi

Da yammacin Asabar, 10 ga Satumba, 1960, saura mako uku cif Najeriya ta karɓi 'yancin kai, 'yan tsere 69 suka jeru a gindin tudun Kafitol da ke tsakiyar birnin Rum domin gudun famfalaki na wasannin Olamfik. A cikinsu akwai wani siririn soja ɗan Habasha mai shekara 28, sanye da jan gajeren wando da koriyar singileti mai lamba 11, ƙafarsa ba takalmi. Kusan babu ɗan jaridar Turai da ya san sunansa, waɗanda suka lura da shi kuwa ƙafar kawai suka kalla. Bayan awa 2 da minti 15 da sakan 16, dare ya riga ya yi, shi ne ya fara ratsa layin ƙarshe a ƙarƙashin tsohuwar ƙofar Kwanstantin. Ya cinye kilomita 42 da mita 195, kusan rabin tafiyar Kano zuwa Kazaure, yana gama kowace kilomita cikin minti 3 da sakan 12, kuma babu wanda ya taɓa gudun wannan nisa cikin lokacin da ya kai nasa gajarta.

Sunansa Abebe Bikila. Shi ne baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya ci lambar zinare a Olamfik. Kafinsa 'yan asalin Aljeriya biyu, Boughera El Ouafi a 1928 da Alain Mimoun a 1956, sun ci wannan tsere, amma tutar Faransa aka ɗaga musu. A Rum ɗin ma, kwanaki kaɗan kafin nasararsa, ɗan damben Gana Clement Quartey ya samu lambar azurfa. Zinaren dai sai da ya jira Abebe.

Tun daga wannan dare ake ba da labarinsa ta fuska guda: talaka ɗan makiyayi, wanda ko takalmi ba ya da shi, ya fito daga daji ya kunyata Turawa da baiwar da Allah ya yi masa. Labarin yana da daɗin ji, gwamnatoci kuma suna ƙaunarsa, domin idan baiwa kaɗai ke haifar da zakara, to babu wanda za a tambaya ina filin wasa, ina mai horarwa, ina abincin yara. Tarihin mutumin na ainihi ya fi haka nauyi.

An haifi Abebe ranar 7 ga Agusta, 1932, a ƙauyen Jato kusa da garin Mendida, a tsaunukan lardin Shewa. A ranar ce aka yi gudun famfalaki na Olamfik a Los Anjeles, abin da marubuta tarihinsa ba sa mantawa su ambata. Yana ɗan shekara uku, a Oktoba 1935, sojojin Musolini suka afka wa Habasha da jiragen yaƙi da iska mai guba. Adis Ababa ta faɗi a Mayu 1936, Sarki Haile Selassie ya yi gudun hijira zuwa Ingila. A 1937, bayan yunƙurin kashe gwamnan mulkin mallaka Graziani, aka yi wa dubban mutanen Adis Ababa kisan gilla, sannan aka karkashe limamai da almajiran gidan ibada na Debre Libanos, wanda ke cikin Shewa ɗin da Abebe ke tasowa. Iyalinsa sun bar ƙauyensu a shekarun yaƙin, suka koma wani lungu mai nisa har ƙura ta lafa. Ya tashi yana kiwo da noma, yana buga wasan gena, wani irin wasan ƙwallon sanda da a karkara ake yinsa a fili mai faɗin gaske, wani lokaci daga wannan ƙauye zuwa wancan.

A farkon shekarun 1950 ya shigo Adis Ababa neman abin yi, kamar yadda saurayi ke barin Yankwashi ko Gwiwa ya nufi Kano bayan kaka. Wajen 1952 ya samu shiga rundunar dogarawan fada, wato dakarun da ke tsaron Sarkin, waɗanda suka fi sauran sojoji gata. Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci a rayuwarsa, ko da yake masu ba da labari kan wuce shi da sauri. A ƙasar da yawancin manoma ke cin abinci gwargwadon yadda damina ta yi, bariki ta ba shi kwano uku a rana, albashi ƙarshen wata, likita idan ya yi ciwo, da kuma lokacin da zai yi gudu ba tare da tunanin gona ba. A tsakiyar shekarun 1950 an san shi da gudu tsakanin tsaunukan Sululta da Adis Ababa. A gasar sojoji ta 1956 ya zo na biyu a bayan Wami Biratu, zakaran ƙasar na lokacin. Shekararsa 24 a sannan, shekarun da a yau ake cewa an makara.

Bariki ta kuma haɗa shi da malami. Onni Niskanen, haifaffen Helsinki wanda ya tashi a Suwidin, ya zo Habasha bayan Yaƙin Duniya na Biyu cikin jami'an da gwamnatin Sarkin ta ɗauko domin koyar da motsa jiki ga sojoji da 'yan makaranta. Ya fito daga yankin da ya mamaye tseren dogon zango tun zamanin Paavo Nurmi, inda aka daɗe da gane cewa gudu sana'a ce mai ƙa'ida. Mutanen Suwidin ne suka ƙirƙiro salon atisayen da ake kira fartlek, inda ɗan tsere ke sauya sauri a cikin gudu guda, ya tsananta, ya sassauta, ya sake tsanantawa, a kan tudu da gangare. Niskanen ya haɗa wannan da doguwar tafiya a daji da maimaita gajerun zango da agogo a hannu. Ya samu samari masu juriya waɗanda ba su san tsari ba, ya ba su tsarin.

Ƙasar ma ta taimaka. Adis Ababa tana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,350 daga matakin teku, dutsen Entoto da ke bayanta ya haura mita 3,000. A irin wannan tsayi iskar oksijin da ke shiga jini a kowane numfashi tana raguwa, sai jiki ya rama ta hanyar ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Wanda ya rayu kuma ya yi atisaye a can, idan ya sauko Rum da ke dab da teku, kamar an sauke masa kaya ne. Wannan gata ce da mutumin Roni ko Babura ba ya da ita, domin ƙasarmu ba ta wuce 'yan ɗaruruwan mitoci ba. A Najeriya sai Jos da Mambila ke da kwatankwacinta, shi ya sa ba abin mamaki ba ne da 'yan Filato suka fi kowa yawa cikin masu dogon gudu a ƙasar nan. Amma tsaunukan Habasha suna nan tun fil azal, kuma ba su haifar da zakaran Olamfik ko ɗaya ba sai da aka samu bariki mai ciyarwa da malami mai agogo.

Ana yawan cewa sa'a ce ta kai Abebe Rum, wai a ƙurarren lokaci aka cusa sunansa saboda Wami Biratu ya ji rauni. Ko da raunin Wami ya buɗe masa ƙofa, alƙaluma sun nuna ba ɗan cike gurbi ba ne. A Yuli 1960 ya ci gudun famfalaki a Adis Ababa, wata guda bayan haka ya sake ci cikin awa 2 da minti 21 da sakan 23, a kan tudun da iska ke da ƙaranci. Wannan lokaci ya fi wanda Emil Zatopek ya kafa a Olamfik ta Helsinki a 1952. Da aka rubuta shi a takardun gasa, masana a Turai suka ɗauka kuskure ne ko cika baki.

Batun takalmin kuwa mai sauƙi ne. Ya samu sababbin takalma a Rum, ba su zauna masa ba, suka yi masa bororo a atisaye. Mutumin da tafin ƙafarsa ya yi kanta tun yarinta, ya kuma saba gudu haka nan a gida, ya auna ya ga sabon takalmi mai cizo ya fi kwalta haɗari a tafiyar awa biyu. Shawara ce ta mai sanin jikinsa, aka yanke ta tare da malaminsa. Duk ɗan tseren da ya san aikinsa yana bin wannan ƙa'ida har gobe: ba a gwada sabon takalmi ko sabon abinci ranar gasa.

An shirya tseren da yamma saboda zafi. Wurin farawa 'yan taku ne daga dandalin Benis, inda Musolini ya tsaya a baranda a 1936 ya shelanta wa Italiyawa cewa Habasha ta zama tasu. Niskanen ya gargaɗi Abebe da ɗan Maroko Rhadi Ben Abdesselam, wanda aka ce zai sa lamba 26, sai ga shi ranar ya sa 185. Tun kafin a kai rabin hanya su biyun suka bar sauran, suka yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa, Abebe na neman mai lamba 26 a gaba, alhali shi ne a gefensa. Da duhu ya shiga suka hau tsohuwar hanyar Afiya mai shimfiɗaɗɗun duwatsu, sojojin Italiya sun jeru da tocilan wuta suna haska musu. Kusa da ƙarshe hanyar ta bi ta gaban hasumiyar dutse ta Aksum, wadda sojojin Musolini suka kwaso daga Habasha a 1937 suka kafa a Rum a matsayin ganima. A wannan yanki Abebe ya ƙara wuta, ya bar Rhadi da tazarar sakan 25. Barry Magee na Niyu Zilan ya zo na uku. Hasumiyar kuwa ta ci gaba da zama a Rum har 2005 kafin Italiya ta mayar da ita.

Yadda yake gudu

Wanda ke son ganin salon Abebe da idonsa ya nemi fim ɗin da Kon Ichikawa ya yi kan Olamfik ta Tokiyo, inda kyamara ta bi shi na tsawon lokaci, an rage saurin hoton. Abin da ke fara ɗaukar hankali shi ne ƙarancin motsi. Kansa ba ya rawa, kamar na mai tallar fura da ta ɗora ƙwarya. Ƙirjinsa a miƙe, kafaɗunsa a sake, hannuwansa a ƙasa-ƙasa kusa da jiki, ba sa tsallaka ƙirji. Fuskarsa ba ta nuna komai. Takunsa gajere ne mai sauri, ƙafar na sauka a ƙarƙashin jikinsa, ba ta miƙewa can gaba.

Wannan na ƙarshen shi ne jigon lamarin. Sabon ɗan gudu yakan ɗauka cewa faɗin taku shi ne sauri, sai ya riƙa wurga ƙafa gaba, diddige ya daki ƙasa gwiwa a miƙe. Kowane irin wannan taku birki ne: yana rage saurin da aka riga aka samu, yana kuma aika girgiza zuwa ƙwauri da gwiwa da ƙugu. A gudun famfalaki ana yin taku fiye da dubu ashirin, don haka ƙaramin kuskure guda ana biyan kuɗinsa sau dubu ashirin. Mai gudu ba takalmi ba ya iya wannan kuskure na dogon lokaci, domin zafin diddige zai ladabtar da shi nan take. A 2010 Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka wallafa bincike a mujallar Nature, wanda ya haɗa da 'yan gudun Kenya, suka nuna cewa waɗanda suka tashi ba takalmi sun fi sauka a gaban tafin ƙafa ko tsakiyarsa, kuma bugun farko da jikinsu ke sha ya fi sauƙi. Ƙasa ce ta koya wa Abebe wannan tun yana kiwo, Niskanen ya zo ya ɗora sauri a kai. Tsayinsa mita 1.77, nauyinsa wajen kilo 57, babu wani kaya da yake ɗauka na banza.

Sai dai kada saurayin da ke atisayen shiga soja a kan titin Kazaure zuwa Daura ya karanta wannan ya jefar da takalminsa. Abebe kansa bai daɗe a haka ba. A Mayu 1961 ya ci tseren Atina ba takalmi, daga nan ya koma sawa. A Japan a wannan shekarar, Kihachiro Onitsuka, wanda kamfaninsa ya zama ASICS daga baya, ya shawo kansa ya sa takalmi saboda gilasai da tarkacen titi, ya kuma ci tseren Osaka da su. Lokacinsa mafi kyau a rayuwa da takalmi ya yi shi. Abin koyi shi ne yadda ƙafar ke sauka, ko da me aka rufe ta. 'Yan kasuwa dai sun fahimci abin ta wata fuska. Kamfanin Vibram ya fitar da takalmi mai yatsu biyar ya raɗa masa suna Bikila, a 2014 ya amince ya biya dala miliyan 3.75 don kashe ƙarar da masu saye suka shigar kan iƙirarin amfanin lafiya da ya yi, a 2015 kuma iyalan Abebe suka kai shi kotu a Amurka kan amfani da sunan mahaifinsu ba izini. Kotu ta kori ƙarar tasu.

Abin da ke cikin kwano

Abincin tsaunukan Habasha da Abebe ya tashi a kansa abincin manoma ne. Ginshiƙinsa injera, wata faffaɗar waina mai tsami da ake yi da garin tef, hatsi mai ƙananan ƙwayoyi kamar accar da ake nomawa a Filato da kudancin Kaduna, mai ɗauke da sinadarin ƙarfe da na ƙashi. Ana cinta da miyar shiro ta garin wake, ko ta adas, ko ganye. Akwai sha'ir da ake soyawa a ci kamar gyaɗa, ko a niƙa a dama shi da ruwa, abin da suke kira beso, wanda matafiya da 'yan gudu ke sha kamar yadda muke shan fura. Nama na ranar biki ne, kuma Kiristocin Otodoks na ƙasar suna ƙaurace wa nama da madara da ƙwai a ranakun Laraba da Juma'a da tsawon babban azuminsu, don haka wake da hatsi su ne ke riƙe da jiki a yawancin shekara.

Shekaru da dama bayan rasuwarsa masu bincike suka auna abin da magadansa ke ci. Wani nazari na 2004 kan manyan 'yan gudun Kenya ya gano cewa kusan kashi 76 cikin 100 na kuzarinsu daga abinci mai sitaci da sukari yake fitowa, mafi yawa tuwon masara da shayi mai madara. Wani na 2011 kan na Habasha ya samu kusan kashi 64. Dalilin a fili yake. Jiki yana ajiye sitaci a tsoka da hanta, kuma wannan ajiya ita ce man da ake ƙonawa a gudu mai tsanani. Takan kusa ƙarewa wajen kilomita 30, inda ake ganin ƙarti suna tangaɗi kamar an zare musu laka. Wanda ke atisaye kullum dole ya cika rumbun kullum, ya samu abin gina tsoka bayan gudu, ya kuma samu sinadarin ƙarfe don jini ya iya ɗaukar iska.

Duk wannan akwai shi a kasuwar Karkarna ranar da take ci. Tuwon gero ko na dawa yana cika rumbun. Wake da gyaɗa da ƙuli-ƙuli suna gina tsoka. Zogale da kuka da rama suna kawo abin da jini ke buƙata. Fura da nono bayan gudun asuba ta haɗa sitaci da furotin da ruwa a ƙwarya guda, abin da kamfanoni ke zubawa a roba su sayar da tsada. Abin da zafin ƙasarmu ya ƙara a kan na Habasha shi ne buƙatar ruwa da ɗan gishiri, da kuma kauce wa rana. Kwalaben lemon ƙara kuzari da ƙwayoyin da wasu samari ke haɗiya kafin atisaye ba su da gurbi a wannan lissafi, ɓoye gajiya kawai suke yi har ta zama rauni. Matsalar ita ce ko kwanon yana cika. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kusan kashi 64 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Daga cikin waɗannan yara ake sa ran fitar da 'yan wasa. Tun da aka fara gudun famfalaki na Legas a 2016, 'yan asalin Kenya da Habasha ke tafiya da babbar kyautar, har aka ware wa 'yan gida tasu daban. Lokacin da Abbas Mohammed ya kafa a 1990, awa 2 da minti 16 da sakan 6, wanda ya daɗe a matsayin bajintar Najeriya, bai kai abin da Abebe ya yi ba takalmi shekara talatin kafin nan ba.

Dogarin Sarki

Ya koma gida gwarzo. Sarkin ya ba shi lambar girma, aka ɗaga shi zuwa kofur, aka ba shi gida da mota. Wata uku bayan haka, ranar 13 ga Disamba, 1960, Haile Selassie na ziyara a Barazil, kwamandan dogarawan fada Janar Mengistu Neway da ƙanensa Germame, wanda ya yi karatu a Amurka, suka yi yunƙurin juyin mulki. Hujjarsu ita ce ƙasashen Afirka da suka samu 'yanci jiya-jiya suna shirin wuce Habasha a ilimi da ci gaba, manoma kuma na zaune a ƙarƙashin iyayen ƙasa. Ɗaliban jami'a suka fito suka mara musu baya. Sojojin ƙasa da na sama suka tsaya wa Sarkin, cikin kwanaki kaɗan aka murƙushe yunƙurin bayan zubar da jini mai yawa. Germame ya mutu, aka rataye Mengistu a bainar jama'a a Maris 1961. Abebe ɗan wannan runduna ne. An kama shi, an yi masa tambayoyi, aka sake shi. Ƙaramin soja ne da bai taka rawa ba, amma da wuya a ce zinaren Rum bai yi masa rana ba a lokacin da takwarorinsa da yawa suka rasa rai ko aiki. Sarkin da ke shirin karɓar shugabannin Afirka a 1963, ciki har da Abubakar Tafawa Ɓalewa, don kafa ƙungiyar haɗin kan nahiyar, yana buƙatar wannan fuska.

A 1963 ya je Boston, ya jagoranci tseren na dogon lokaci, sanyi da ɗaurewar tsoka suka mayar da shi na biyar. Wannan ne kaɗai tseren ƙasa da ƙasa da ya kammala bai ci ba.

Saura makonni kaɗan a yi Olamfik ta Tokiyo ciwon ciki ya kama shi a wurin atisaye, likitoci suka ce afendis ne, aka yi masa tiyata ranar 16 ga Satumba, 1964. Ranar 21 ga Oktoba, kwana 35 bayan wuƙa, ya tsaya a layin farawa da takalmin Puma da farar safa. Ron Clarke na Ostareliya da Jim Hogan na Ailan suka ja tseren da ƙarfi tun farko, ya bi su, ya wuce su kafin rabin hanya, daga nan shi kaɗai ya yi ta tafiya. Ya shiga filin wasa cikin awa 2 da minti 12 da sakan 11, sabon tarihin duniya, fiye da minti huɗu kafin Basil Heatley na Birtaniya, wanda ya ƙwace azurfa daga Kokichi Tsuburaya na Japan a cikin filin. Maimakon ya faɗi, sai Abebe ya koma kan ciyawa ya fara miƙe jiki da motsa ƙafafu a sama, 'yan kallo na ta mamaki.  Shi ne mutum na farko da ya ci gudun famfalaki na Olamfik sau biyu. A wannan gasar ce Najeriya ta samu lambarta ta farko a tarihi, tagullar ɗan dambe Nojeem Maiyegun. Abebe ya zama laftanar, aka ba shi motar Volkswagen Beetle tasa ta kansa.

Ya ci wasu tseren a Japan da Sifen da Koriya ta Kudu a 1965 da 1966, sannan jiki ya fara karɓar bashinsa. A 1967 jijiyar bayan cinya ta hana shi kammala tsere a Sifen. A Olamfik ta Meziko, ranar 20 ga Oktoba, 1968, ya shiga da tsagewar ƙashi a ƙwaurinsa, ya janye bayan kimanin kilomita 17. Abokinsa a rundunar dogarawa, Mamo Wolde, ya ci zinaren, na uku a jere ga Habasha. Shi Mamo daga baya ya shafe kusan shekara tara a kurkuku bisa tuhumar hannu a kisan da aka yi zamanin mulkin soja, ya fito a 2002, ya rasu watanni kaɗan bayan haka.

Daren 22 ga Maris, 1969, Kyaftin Abebe na tuƙa Volkswagen ɗinsa a hanyar komawa Adis Ababa, motar ta ƙwace ta kife da shi a ciki, ba a ciro shi ba sai da gari ya waye. Wuyansa ya samu rauni, laka ta taɓu. Aka kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, inda ya yi wata takwas. Hannuwansa suka dawo, ƙafafun ba su dawo ba. A wannan asibiti ne Dokta Ludwig Guttmann ya fara shirya wa masu raunin laka wasanni a 1948, waɗanda suka rikiɗe suka zama gasar nakasassu ta duniya, kuma karonta na farko a Rum aka yi, a Satumbar 1960, kwanaki bayan nasarar Abebe. A 1970 ya shiga wasannin Stoke Mandeville a harbin kibiya da ƙwallon tebur daga kan keken guragu. A 1971 ya je Nowe ya ci tseren keken ƙanƙara na nakasassu. A 1972 aka gayyace shi Olamfik ta Munik a matsayin baƙo, filin wasa ya miƙe masa tsaye, ya kuma kalli Mamo Wolde ya karɓi tagulla yana ɗan shekara 40.

Ya rasu ranar 25 ga Oktoba, 1973, yana da shekara 41, sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa mai nasaba da haɗarin. Dubun dubatar mutane suka raka gawarsa zuwa maƙabartar cocin Yusufu a Adis Ababa, Sarkin da kansa ya halarta, aka yi masa jana'izar soja.

A wannan watan ne gidan talabijin na Birtaniya ya nuna fim ɗin ɗan jarida Jonathan Dimbleby kan yunwar lardin Wollo, wadda ta kashe dubun dubatar manoma yayin da gwamnati ke ɓoye ta. Shekarar ce fari ya cinye amfanin gona da dabbobi daga Habasha har zuwa Damagaram da arewacin Kano, wadda dattawan Babura ba su manta ba. A Afrilu 1974 sojoji suka kifar da Diori Hamani a Nijar, suna zargin gwamnatinsa da wawure kayan agaji. A Adis Ababa, daren 11 ga Satumba, 1974, ƙananan hafsoshin da suka karɓe iko suka sa talabijin ta nuna hotunan Wollo, an gauraya su da na shagulgulan fada. Washegari suka karanta wa Haile Selassie takardar tuɓe shi, suka fito da shi daga fadar, suka sa shi a kujerar baya ta wata ƙaramar Volkswagen Beetle.